Gilashi a Ginin Zamani: Daga Turai Zuwa Zango

Gilashi yashi ne da ake narkarwa tare da sinadari dangin kanwa da farar ƙasa, a wutar da zafinta ya kai kusan digiri 1,500. Masu tsara ginin zamani a Turai sun ɗauke shi alamar haske da rayuwar da ba ɓoye-ɓoye. A 1851 aka buɗe Crystal Palace a Landan, ginin ƙarfe da gilashi da Joseph Paxton ya tsara. A 1926 aka buɗe ginin makarantar Bauhaus a Dessau ta Jamus, wanda Walter Gropius ya tsara, inda gilashi ya lulluɓe ɓangaren ɗakunan koyon sana'a.

A Zango da sauran ƙasar Daura lissafin daban ne. Ginin ƙasa na gargajiya bangonsa kakkaura ne, tagarsa 'yar ƙarama can sama, domin ya tare zafin bazara da ƙurar hunturu, ya kuma suturta iyali. Faffaɗan gilashi kuwa yana shigar da rana ya riƙe zafinta, ɗaki ya koma tanderu.

Shi ya sa tagar gilashin da ta fara karɓuwa ita ce mai fale-falen gilashi a jere cikin ƙarfe: a ja mariƙi su buɗe iska ta ratsa, a rufe idan ƙura ta taso. Yanzu sababbin gidajen siminti sun fi son gilashi mai duhu, wanda da rana na ciki ke ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Yana nuna wadatar maigida, yana kuma kiyaye suturar gidan.