Batirin Mota Na Yawan Mutuwa? Ki Sa A Duba Altaneta Kafin A Sayi Sabo

 Ko ke kike tuƙi, ko direba ne, ko motar maigida ce ake kai yara makaranta da ita, ranar da ta ƙi tashi da safe ke ce kike fara ji a jikinki. Makara ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne dare ya raba, zazzaɓin yaro ya yi zafi ko naƙuda ta taso wa maƙwabciya, a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas-ƙas, shiru.

Abin da aka saba yi shi ne a ce batir ya mutu, a je a sayo sabo. Bayan mako biyu ko uku sabon ma ya kwanta, a koma ana rigima da mai shago cewa jabu ya sayar. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Mai laifin yana can maƙale a jikin inji, sunansa altaneta.

Tanki da injin tura ruwa

Ki ɗauki batir tamkar tankin ruwan da ke saman gida, altaneta kuma injin da ke tura masa ruwa. Aikin batir ɗan kaɗan ne: ya ba da wutar da za ta tayar da inji. Da zarar inji ya tashi, fambel ke juya altaneta, ita kuma ta samar da wutar fitilu, esi, rediyo da sauransu, sannan ta mayar wa batir abin da ya kashe.

Altaneta na iya kashe batir ta hanya biyu. Ta farko, ta daina caji. Wannan kan faru idan fambel ya saki ko ya tsinke, ko kabon ɗin cikinta ya cinye, ko regileta mai daidaita ƙarfin wuta ta lalace. Mota za ta ci gaba da tafiya da abin da ke cikin batir har ya ƙare.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa. A cikin altaneta akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira dayod, galibi guda shida, waɗanda ke barin wuta ta wuce zuwa batir amma ba sa barin ta dawo. Kamar bawul ɗin da ke hana ruwan tanki gangarowa ne idan an kashe injin turawa. Idan dayod ɗaya ya ƙone ya buɗe hanya, da rana mota na iya yin kamar lafiya lau, amma da an ajiye ta sai wutar batir ta riƙa zurarewa ta cikin altaneta har gari ya waye. Batirin ƙaramar mota da aka rubuta 60Ah a jikinsa, in ana zuƙar masa amfiya 3 na tsawon awa 12, ya yi asarar fiye da rabin abin da ya tara. Ba zai iya tayar da inji yadda ya kamata ba.

Kuma batirin mota ba ya jure a riƙa ƙarar da shi ƙarƙaf. Duk lokacin da ya sauka ƙasa sosai, ƙarfinsa na raguwa har abada. Shi ya sa altaneta mai matsala kan kashe sabon batir da gaske cikin ɗan lokaci, kuɗi su tafi a banza.

Alamomin da za ki lura da su

Ba sai kin buɗe bonet ba. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar, ya kamata jan hoton batir ya kama a gaban direba, ya mutu da zarar inji ya tashi. In ya ci gaba da ci, ko yana ƙyaftawa ana cikin tafiya, caji ne ke da matsala.

Ki lura da fitilun gaba da dare. Idan suna dushewa a go-sulo, su yi haske in an taka totur, alama ce. Haka gilashi ya riƙa ɗagawa a hankali, ko ƙara mai kama da kukan ɓera daga gaban mota da safe, ko warin ƙonewar roba.

Sai kuma wannan: mota ta yini tana tashi lafiya, amma kwana ɗaya a ajiye ta ƙi tashi. Da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita, a taɓa jikin altaneta. Idan inji ya yi sanyi amma ita da ɗumi, to wuta ta kwana tana bi ta cikinta.

Awo uku da za ki nema

Wannan aikin mai rewaya ne, ba bakanike mai gyaran inji ba. Ki tabbatar yana da mitar awon wuta, kuma ki ce a nuna miki lambar da idonki, ko direba ya ɗauko miki hotonta a waya.

Na farko, awon batir mota a kashe, bayan ta huta. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Idan 12.2 ne, ya kai wajen rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya sauka sosai.

Na biyu, awo inji na aiki. Ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.7. A kunna fitilu da esi a sake dubawa. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta ba ta caji. In ta haura 15, caji ya yi yawa, kuma wannan ma yana dafa batir har ya kumbura.

Na uku shi ne awon zurarar wuta, wanda da yawa ke tsallakewa. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi, a cire wayar batir mai alamar (-) a saka mita tsakaninta da kan batir. Motocin zamani na buƙatar kamar rabin awa kafin na'urorinsu su yi barci. Bayan nan, abin da mota ke ja bai kamata ya wuce wajen amfiya 0.05 ba. In ya wuce, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya. Idan lambar ta faɗi, ɓarawon na kan wannan layin: ƙila fitilar but ce ba ta mutuwa, ko rediyo ko na'urar bibiyar mota da aka ɗaura ba daidai ba. Idan an zare duka ba ta faɗi ba, a raba mita da batir, a kwance babbar wayar bayan altaneta, a sake awo. In zurarar ta tsaya, an kama dayod.

Abin da ba za ki yarda da shi ba

Akwai tsohuwar dabara ta cire kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba to altaneta lafiya take. Kada ki bari a yi wa motarki haka. Batir ne ke shanye tsallen wuta, kuma in aka cire shi, wutar na iya ƙona ƙwaƙwalwar mota, wadda ta fi altaneta tsada. Dabarar ma ba ta nuna dayod mai zurara.

Idan za a ja wuta daga wata mota, a tabbatar (+) na kan (+). Juya wayoyin ko na daƙiƙa kaɗan na daga cikin abubuwan da ke ƙona dayod. Haka feshin ruwa mai ƙarfi kan altaneta a wurin wankin mota, kutsawa cikin ruwa mai zurfi da damina, da baƙin mai da ke ɗiga a kanta. In kuma za ki matsa kusa da batir, ki cire zobe da awarwaro, ki tattare mayafi nesa da fambel.

Gyara ko canji?

Ba kullum ake buƙatar sabuwar altaneta ba. Kabon, regileta, boris da farantin dayod duk ana canza su daban. Idan nadin wayar ciki ne ya ƙone, canji ya fi kwanciyar hankali. In za a sayo ta hannu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, a tafi da tsohuwar don a dace da lamba da soket, a kuma yi sharaɗin mayarwa idan awo bai yi kyau ba bayan ɗaurawa. Bayan gyara a kai batir caji ya cika, sannan a gwada ko yana riƙe wuta. Sai a lokacin za a san ko da gaske ana buƙatar sabo. Kafin a samu kuɗin gyara, cire wayar (-) da dare na hana zurarar.

Idan jan hoton ya kama kina hanya

Ki kashe esi, rediyo da cajar waya, ki nufi gareji mafi kusa ko wuri mai jama'a. Ki sa ido kan ma'aunin zafin inji. A motoci da yawa fambel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa, don haka in zafi ya fara hawa ko sitiyari ya yi nauyi, ki tsaya nan take. Ki tuna kuma mota otomatik ba ta tashi da turi.

Tsohon batir kada a ajiye shi a tsakar gida. Akwai asid da dalma a cikinsa, kuma gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, a ƙauyukan da ake sarrafa ma'adinin zinare. A miƙa shi ga mai sayar da batir a rage miki kuɗi.

Ki ajiye lambobin nan a wayarki: 12.6, 13.5 zuwa 14.7, da 0.05. Ki tura wa maigida da direba. Wadda ta taɓa fama da irin wannan matsala ta faɗa mana yadda ta ƙare, 'yan uwa su ƙaru. Allah Ya tsare mana hanya, mu da iyalanmu.