Babban Kafireto Ba Shi Ne Gudu Ba

Akwai wata magana da ta ke yawo a rumfunan makanikai, har ta kai kunnen malaman makaranta da akawuna masu hawan Vespa da Lambretta, wai in mutum ya faɗaɗa injin baburinsa yana son gudu, to, sai ya cire kafireton da ya zo da shi, ya ɗaura mafi girman da kuɗinsa za su iya saye. Da yawa sun bi wannan shawara, sun koma gida da babur mai zuƙar mai, mai shaƙewa a kan hawa. Waɗansu ma garin neman ƙiba sun samo rama, inji ya ƙone. Saboda haka ya kamata mu duba al'amarin tun daga tushe.

Su waɗannan babura asalinsu ƙasar Italiya. Kamfanin Piaggio ya fara ƙera Vespa a 1946, kamfanin Innocenti na birnin Milan kuma ya fito da Lambretta a 1947. Kafiretonsu galibi na kamfanin Dell'Orto ne, kuma da faɗin maƙogwaronsa a ke auna girmansa. Vespa PX 125 da PX 150 sun fito da mai milimita 20, PX 200 da mai milimita 24, Lambretta GP 200 kuwa da mai milimita 22. Waɗanda suka zaɓi waɗannan lambobi ba rowa suka yi ba, awo suka yi.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara ganewa shi ne, irin wannan kafireto ba ya tura mai cikin inji, iska ce ke jawo shi. Duk wanda ya san famfon feshin sauro irin na da ya riga ya san sirrin. Sa'ad da inji ya zuƙi iska, sai ta bi ta maƙogwaron nan mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, ta tsotso mai daga 'yar ƙwaya mai huda wadda makanikai ke kira jet, ta watsa shi kamar hazo. Gwargwadon gudun iskar, gwargwadon ƙarfin tsotsonta.

To, ga inda lissafi ke ruɗin mutane. Daga milimita 20 zuwa 28 sai a ga kamar ɗan ƙari ne. Alhali kuwa filin ƙofar mai milimita 20 murabba'in milimita 314 ne, na mai 24 ya kai 452, na mai 28 kuwa 616, watau kusan ninki biyu na farko. In injin bai ƙara yawan iskar da ya ke zuƙa ba, aka ninka masa ƙofa, sai gudun iskar ya ragu da rabi, tsotson ya yi rauni ƙwarai. Shi ya sa mai babban kafireto ya kan murɗa totur a cikin gari, maimakon babur ya zabura sai ya yi kamar zai mutu. Ƙarami kuwa yana da tasa illar: yana tashi da kuzari, yana tsimin mai, amma in an hau doguwar hanya sai ya toshe wa inji numfashi. Daidai ruwa daidai tsaki a ke nema.

Masu gyaran inji suna da wata ƙa'ida ta kimantawa, wadda ba za ta gagari malamin lissafi ba. A ɗauki girman silinda da lita, a ninka shi da yawan juyin da inji ke yi a minti ɗaya sa'ad da ya ke kan ganiyar ƙarfinsa. A nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla. Sa'an nan a ninka ta da 0.65 zuwa 0.9: ƙananan lambobin na baburin zuwa aiki ne, manyan kuwa na filin tsere.

Ga misali. An ɗaura wa PX 150 silinda mai cc 177, yana ba da ƙarfinsa a juyi 6,500. Lita 0.177 sau 6,500 ya ba da kimanin 1,150. Lambar da a ke nema kusan 34 ce, in an ninka ta da 0.7 sai a sami kusan 24. Ashe ke nan kafireton PX 200 ya ishe shi. Haka kuma silinda mai cc 210 a juyi 7,000 zai nuna kimanin 27, watau mai milimita 26 ko 28. Masu milimita 30 zuwa sama kuwa sai injin da aka buɗe wa ƙofofi, aka sa masa salansar tsere. Ku lura, yawan juyi ne ke kiran babban kafireto, silinda da salansa kuma su ne ke ba da juyin. Saboda haka kafireto shi ne na ƙarshe a wajen saye, kuma in mashigar da ke ƙarƙashinsa ta fi shi ƙunci, girmansa ya zama na ado kawai.

Saura maganar da ta shafi rai. Waɗannan injuna masu bugu biyu ne, da yawansu ana gauraya musu baƙin mai a cikin fetur, yawanci kashi 2 cikin 100, watau mililita 20 a kowace lita. In an ɗaura babban kafireto aka sa masa ƙaramin jet, fetur zai yi ƙaranci, baƙin mai ma haka, zafi ya hau, fistin ya kumbura ya cije a cikin silinda, ƙafar baya ta ƙame ana tsakiyar gudu. Wanda ya ji alamar haka ya kama kuloci nan take. Ban da wannan, waɗansu PX suna da famfon baƙin mai a akwatin kafireto. Duk wanda ya cire akwatin, lalle ne ya koma gauraya mai da hannunsa a tanki.

Hanyar lafiya ita ce a fara da babban jet, a riƙa saukowa lamba-lamba har inji ya daina tari. Bayan an yi gudu a kwance fulogi a duba bakinsa. In ya yi launin soyayyiyar gyaɗa, madalla. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari, a tsaya, haɗari na kusa. A tuna kuma iskar tudu ba ta kai ta kwari kauri ba: jet ɗin da ya yi daidai a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, zai iya yi wa inji ƙarancin mai in an gangara Lakwaja.

Jama'a, albashi da wuya a ke samunsa. Kafin mutum ya miƙa wa mai kayan babur kuɗinsa, ya ɗauki takarda da fensir, ya tambayi makanikinsa girman silinda da yawan juyi, ya buga lissafin nan. In amsa ta nuna kafireton da ke jikin baburin ya isa, to, ya bar shi, ya sayi jet biyu ko uku da sabon fulogi. Allah ya kiyaye hanya.