Tsofaffin Motocin Jos: Tsakanin Gareji da Sikelin 'Yan Gwangwan

Wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin kasuwar Farin Gada, lokacin da dankalin Bokkos da kabeji da karas ke shigowa gari, har yanzu yakan yi katari da a-kori-kurar Peugeot 504. Za ka gan ta ta zauna ta baya saboda lodi, fenti ya koɗe, wani lokaci ma ƙofar direba da igiya aka ɗaure ta, amma ga ta nan ta hauro da buhunan da suka fi ƙarfinta. Sau da yawa motar ta girmi yaron da ke tuƙa ta. Sai dai kullum raguwa suke yi, kuma ba kowa ya damu ya tambayi inda suke tafiya ba. Akasarinsu a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa, a sare su da gatari, a auna a sikeli, a loda wa tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe.

Ina da 504 guda ɗaya, fara, haɗin Kaduna, wadda na gada daga kawuna da ya fara aikin gwamnati tun jihar nan tana Binuwai-Filato. Ba na tafiyar nesa da ita. Ranar Asabar nakan fito da ita in bi ta Rayfield in ɓulla Bukuru in dawo, kuma da wuya in tsaya shan mai ba a samu dattijon da ya matso ya dafa ta ba. "Alhaji, irin ta ubangidana ce sak," in ji wani kwanan baya, sannan ya tsaya yana ba ni labarin yadda suke sauka Hawan Kibo da giya ta biyu, fasinja na salati. Mutane da yawa a garin nan ƙuruciyarsu na cikin wannan mota. A cikinta aka kai su makarantar kwana, a cikinta aka kawo amarya, ita ta kai tsoho filin jirgi da zai tafi Makka.

Alaƙar Jos da injin ta girmi Fijo nesa ba kusa ba. Kuza ce ta kafa garin. Da farko a ka ake ɗaukar ta, da kan jakai, har aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogon nan na Bauchi Light Railway daga Zariya, wanda ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka kuma rufe shi a 1957. Babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927. Kamfanonin haƙar kuza irin su ATMN sun zo da manyan injina da motocin ɗaukar kaya da Land Rover, kuma duk abin da ya lalace a nan ake gyara shi, domin Ingila ta yi nisa. A wuraren gyaran nan ne 'yan ƙasa, Birom da Hausawa da Ibo da Yarbawa da Urhobo, suka koyi fita da walda da ƙira. Da kasuwar kuza ta faɗi, hannayen ba su bar garin ba, sai suka koma garejin bakin titi suka ɗauki yara.

Zamanin Fijo ya kankama ne da buɗe kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a Kakuri, Kaduna, a 1975, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, ɗan wannan jiha. Abubuwa sun haɗu a lokaci guda. Ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, wanda ya yi daidai da motocin Faransa da Jamus. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata, ga kuma bashin mota da gwamnati ke bayarwa. Malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci yakan fara da Volkswagen mai ƙirar kunkuru, wadda ake haɗawa a Legas, in ya yi sama ya koma 504. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Gwamna da direban tasha suka zama iri ɗaya suke shiga, bambancin kawai tuta da baƙin fenti. A Faransa an fito da motar tun 1968, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita.

Me ya sa ta daɗe haka? Amsar na cikin yadda aka ƙera ta. Tana da tsawo daga ƙasa, ƙafafunta na da nisan lotsawa, shi ya sa take shanye gargada ba tare da ta jijjiga na ciki ba. Ƙafafun baya ne ke tura ta, abin da ke taimaka mata a hawa in an danne ta da kaya. Ba banza ba yayarta 404 ta cinye gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, ita kuma 504 ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson. Amma babban sirrin na cikin injin. Ramukan da fistin ke kai da komo a ciki ba a jikin bulok aka huda su ba, wasu bututun ƙarfe ne da ake zarewa, waɗanda kanikawa ke kira silib. In injin ya gaji, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sai a sauke shi a sa sabon silib da fistin da ringi, a canza metal, ya dawo da ƙarfinsa. Ana iya yin haka sau da yawa a bulok ɗaya. Babu kwamfuta a cikinta, babu wayar da bakanike ba zai iya bi da ido daga batir har fitila ba.

Bakaniken da ke duba tawa dattijo ne, a wata rumfar kwano can bayan Farin Gada. Na fi son in je da safe a lokacin hunturu, sa'ad da sanyin Jos ke sa tsohuwar mota gardamar tashi. Yakan sa a ja cok a tayar, ya bar ta ta yi zafi, shi kuwa yana tsaye ya karkata kai yana saurare. Sai ya kwance filogi ɗaya ya duba bakinsa. In baƙi ne ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa. In fari fat ne, iska ta rinjayi mai. Abin da yake nema shi ne launin ƙasa-ƙasa. Ya buɗe murfin distirbuta ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya auna tazararsa. Daga nan ya ɗora sukundireba a kan ƙaramin sukurun kafireta, ya juya kaɗan, ya tsaya, ya mayar rabi, ɗaya hannun na kan injin yana jin rawarsa. Can sai ka ji ƙarar ta daidaita, sitiyari ya daina karkarwa.

"Baba, me kake ji wanda ni ba na ji?" na taɓa tambayarsa.

"Yaro, motar Jos ba a saita ta da kunnen Legas," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Maganarsa na da tushe a kimiyya. Jos na kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga matakin teku, kuma iska a nan ba ta da kaurin ta bakin ruwa. Kafiretar da aka saita a Legas in ta hauro nan sai mai ya fi iskar yawa, mota ta riƙa zuƙar fetur, filogi ya yi baƙi, kuma injin kan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Motar zamani kwamfutarta ce ke gyara wannan da kanta. A tsohuwa kuwa sai mutum. Wannan sanin ba a rubuce yake ba, yana kunnen tsofaffin da yanzu ke barin sana'a ɗaya bayan ɗaya. Yaran da ke rumfar dattijon nan sun fi karkata ga na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, kuma ban ga laifinsu ba, domin nan abincin yake. Amma in ya tafi, ban san wanda zai saita kafiretar tawa ba, kuma wannan ya fi damuna a kan tsatsa.

Faɗuwar ta fara ne daga tsarin SAP na 1986, da naira ta karye sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Sai motocin Baljiyam suka kwararo ta Kwatano da Legas. A tashar Bauchi Road da sauran tashoshi, Fijo wagon da ta mallaki hanyar Kano da Kaduna da Maiduguri ta ba Golf da Vectra da Sharan wuri, daga baya Sienna. Rikice-rikicen da garin ya sha tun daga 2001 sun ci motoci masu yawa da wuta, sun kuma raba garejin da a da Musulmi da Kirista ke kwance ƙarƙashin mota ɗaya suna miƙa wa juna sifana. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙarasa da yawa daga cikin waɗanda suka rage, domin mota mai kafireta ba ta san tsimi ba. Mai ita ya jingine ta a bayan gida kan duwatsu, damina ta bi ta kai. Jos kuwa ba Kano ba ce, ruwanta na da yawa, kuma tsatsa daga ƙasa take farawa: daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, gindin ƙofofi, ramin safaya, wurin zaman batir. Shekara kaɗan sai magada su gaji da ganinta, ɗan gwangwan ya zo da tayi.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa mota ma kayan tarihi ce. A Ingila motar da ta haura shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, kuma kowane Nuwamba motocin da aka ƙera kafin 1905 kan yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton. A Jamus mota mai shekara 30 da aka adana da kamanninta na asali takan samu lamba ta musamman mai harafin H. Peugeot na da gidan tarihinta a Sochaux. Kusa da mu, a Nairobi, masu tsofaffin motoci kan taru duk shekara a filin sukuwa na Ngong a duba wadda ta fi kyau da tsabta. Mu ma ba mu rasa tushe ba. Baƙar Marsandin da aka harbi Murtala a ciki tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas. A nan Jos, gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 yana da sashen sufuri, inda kawunan jiragen Bauchi Light Railway ke tsaye tare da wasu tsofaffin ababen hawa na zamanin Turawa.

Sai dai ni ban gamsu da a ajiye mota a bayan igiya kaɗai ba. Motar da aka daina tayarwa lalacewa take yi a tsaye: robobi su bushe, birki ya kafe, fetur ya daskare a cikin kafireta. Kuma namu ya bambanta da na Turawa. Su masu kuɗi ne suka adana nasu don sha'awa, mu kuwa aiki ne ya raya namu, talaka da bakanikensa suka riƙe su shekara arba'in da walda da dabara. Don haka duk wani yunƙuri na raya wannan abu a Jos in bai sa bakanike a gaba ba, ba zai je ko'ina ba. Wanda ke da tsohuwar mota ya riƙa kai ta wurin tsohon hannu, ya biya shi da daraja, ya kuma roƙi a sa yaro ɗaya ya tsaya ya kalla. Yaran nan duk suna da waya, ba abin da zai hana a ɗauki bidiyon yadda ake saita kwantak ko sauke silib, da Hausa, da bakin mai aikin.

Kayan gyara har yanzu ba su gagara ba, kodayake sai da haƙuri. A Dilimi, in ka san shagon da za ka shiga, akwai tsofaffin 'yan kasuwa da ke da ragowar kaya a can ƙuryar kanta, wasu ma cikin kwalinsu na asali. Na injin sun fi sauƙin samu saboda a-kori-kura na nan tana aiki. Masu wuya su ne na ado: fitilun gaba masu kusurwa, gilashin fitilar baya, robar gilas, hannun ƙofa, zakin da ke gaban mota. Waɗannan a wurin 'yan gwangwan ake tsintar su, shi ya sa na ƙulla zumunci da wasu daga cikinsu. In an kawo musu Fijo ko kunkuru sukan kira ni kafin su sa gatari, in je in cire abin da zai cire, in biya su fiye da kuɗin kilo. Ba abokan gaba ba ne, neman halak ɗinsu suke yi, kuma da akwai masu saye da sun fi son sayar da motar ɗungurungum.

Ga wanda ke son shiga wannan harka, kada kyan fenti ya ruɗe shi. Ya ɗaga tabarmar ƙasa ya ƙwanƙwasa daɓe, ya leƙa ƙarƙashi da tocila, domin injin ana iya tashinsa da kuɗi kaɗan, amma jikin da ya ruɓe ya fi komai cin kuɗi. Ya tabbata lambar bodi ta yi daidai da takardu. In ya samu, ya ajiye ta a ƙarƙashin rufi, ya tayar da ita duk mako, kuma ya guji yanke ta don sa injin wata mota, sai in ba makawa.

Abin da nake fata, kuma na fara tuntuɓar 'yan uwa masu irin wannan sha'awa a kai, shi ne mu sa rana ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar ruwa, wajen Nuwamba, kowa ya fito da abin da yake da shi: 404 mai giya a jikin sitiyari, 504, 505, kunkuru, tsohuwar Marsandi, Land Rover, har da gingimari mai bodin katako in ta samu. A taru kusa da gidan tarihi, a bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a a je Dutsen Riyom a dawo. Mai a-kori-kurar dankali ya shigo layi ɗaya da mai salun ɗin da aka goge, na Unguwar Rogo da na Tudun Wada su faka gefe da gefe, kuma kowace mota a rubuta sunan bakanikenta a jikin gilas tare da na mai ita. Dattijon da ke duba tawa ya ce zai zo, da sharaɗin a bar shi ya tuƙa a hawan Riyom.