Katin Amsa Biyayye da Matsalar Kan Sarki a Ƙetare

Ƙa'ida ce sananniya cewa kan sarki ba ya aiki sai a ƙasar da ta buga shi. Katin amsa biyayye ne ya karya wannan ƙa'ida kusan shekara ɗari.

Ostiriya ce ta fara fitar da katin gidan waya, wato wasiƙa marar ambulan, a 1869. A 1872 aka fito da mai amsa a Jamus: kati biyu ne a haɗe, kowanne da kan sarkinsa a buge. Mai aikawa ya yi rubutu a ɗaya. Wanda aka aika wa ya yage ɗayan, ya rubuta amsa, ya mayar ba tare da ya biya ko anini ba.

A cikin gida wannan ba wuya. A ƙetare ne maganar ta yi tsauri, domin yarjejeniyar Ban ta 1874, wadda ta kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya, ta tsayar cewa kowace ƙasa ta riƙe kuɗin da ta karɓa, bisa zaton kowace wasiƙa tana jawo amsa, don haka ciniki zai daidaita. Katin amsa ya rushe wannan lissafi. Idan ɗan kasuwa a Hambog ya aika shi Faris, Jamus ta karɓe kuɗin zuwa da na dawowa, ma'aikacin Faransa kuwa ya buga hatiminsa a kan kan sarkin Jamus, ya yi dakon katin kyauta.

Ba mamaki da ƙasashe suka yi ta jan ƙafa. Taron Faris na 1878 ya bar abin ga ƙasashen da suka amince a tsakaninsu. Sai a taron Lizbon na 1885 aka wajabta wa kowace ƙasa mayar da ɓangaren amsa, ko da ita ba ta buga irin katin. A ganina wannan ne matakin da ya fi nauyi, domin a nan ƙasashe suka yarda su mutunta kan sarkin juna. Sharaɗin dai shi ne amsar ta nufi ƙasar da katin ya fito.

Amurka ba ta fitar da nata na ƙetare ba sai 1893. Taron Tokiyo na 1969 ne ya soke tsarin, aka daina karɓar katin tsakanin ƙasashe a 1971.