Zanen Dattijon Da Bai Ji Kunyar Cewa Bai Sani Ba

A shekarar 1787 wani ɗan Faransa, Jacques-Louis David, ya kammala wani zane da yau yake rataye a gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke Amurka. Ɗakin kurkuku ne. Ga dattijo zaune a kan gado, an kwance masa mari, hannu ɗaya ya nufi kofin guba, ɗayan ya ɗaga shi sama da yatsa a miƙe, yana ta bayani kamar ba shi za a kashe ba. Mai miƙa masa kofin ya kau da kai, ya rufe fuska. Almajirai kuwa sai kuka.

Dattijon shi ne Sukurat, masanin falsafa na birnin Atens a ƙasar Girka, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da raina allolin gari. Mai zanen dai ya ɗan ƙara gishiri. Ya zaunar da Aflatun, almajirin Sukurat, a ƙarshen gadon da furfura, alhali a lokacin bai kai talatin ba, kuma shi da kansa ya rubuta cewa rashin lafiya ta hana shi zuwa.

Wanda ya dubi yatsan nan zai zaci mutum ne da ya haddace komai. Akasin haka ne ya kai shi kurkuku. An gaya masa cewa bokanyar garin Delfi ta ce babu wanda ya fi shi hikima, shi kuma abin ya ɗaure masa kai. Sai ya bi 'yan siyasa da mawaƙa da masu sana'a yana yi musu tambayoyi. Masu sana'ar sun san aikinsu ƙwarai, amma wannan sanin ya sa suna jin sun san sauran abubuwa ma. Ya gano abin da ya fi su da shi guda ne: shi ba ya da'awar sanin abin da bai sani ba. Manya ba su yafe masa tonon sililin ba.

Mu ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, an taɓa yi masa tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Malamin Madina fa ke nan.

To, zauna teburin mai shayi a Malam Inna da daddare, inda ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe ke haɗuwa da 'yan unguwa. Kafin a gama soya indomi an ba da fatawar gado, an faɗi maganin ciwon suga, an warware dalilin faɗuwar naira, duk daga bakin mutum ɗaya, hujjarsa kuwa wani saƙon WhatsApp. Musun ƙwallo ba ya cutar da kowa. Amma mai kemis da ya ji kunyar cewa ciwon ya fi ƙarfinsa, ya haɗa wa yaro magani da ka, da ran wani yake wasa.

Malamai da iyaye, idan yaro ya ce bai sani ba, a daina yi masa dariya ko tsawa. A nuna masa wanda zai tambaya.