Shirya Maƙala Don Mujallar Likitanci: Tsari, Harshe Da Amana

1.0 Gabatarwa

Kowane fanni na ilmi yana da tasa hanyar shimfiɗa magana a rubuce. Mai nazarin waƙa yana da sararin zaɓen inda zai fara da inda zai tsaya, amma likitan da ke son buga sakamakon bincikensa ba shi da wannan sarari. Dalili kuwa shi ne, abin da ya rubuta wani likitan zai karanta ya yi aiki da shi a jikin majinyaci, kuskure kaɗan yana iya zama sanadin rai. Saboda haka aka ɗaure irin wannan rubutu da ƙa'idoji masu tsauri, domin mai karatu ya sami damar bin sawun marubuci ya tabbatar da abin da ya faɗa. Wannan maƙala za ta bayyana ƙa'idojin, tare da nuna inda suka shafi binciken da aka gudanar cikin harshen Hausa.

2.0 Asalin Ƙa'idojin

Mujallun likitanci sun daɗe a duniya. An kafa New England Journal of Medicine a Amurka cikin 1812, The Lancet kuwa a Ingila cikin 1823. Amma kowace mujalla da nata sharuɗɗan, ta yadda in wata ta ƙi karɓar maƙala, sai marubuci ya sake mata siffa kafin ya aika wa wata. A shekarar 1978 wasu editoci suka taru a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, suka amince da tsari guda, aka buga shi a 1979. Daga wannan taro ne kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya samo asali, kuma tsarin ya ɗauki salon jera manazarta da lambobi, bisa yadda suka fito a cikin rubutu.

3.0 Kafin A Ɗauki Alƙalami

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Edita ba zai dubi maƙala ba sai ya ga shaidar cewa wani kwamiti mai kula da ɗa'ar bincike ya yarda da aikin tun kafin a fara shi, kuma waɗanda aka yi binciken a kansu sun amince bayan an fahimtar da su. Tushen wannan sharaɗi shi ne Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda aka sha yi wa gyara. Nijeriya ta fitar da nata kundin a 2007. Haka kuma, tun daga 2005 manyan mujallu ba sa karɓar rahoton gwajin magani sai an yi masa rajista a bainar jama'a kafin a ɗauki majinyaci na farko, domin kada a ɓoye gwajin da bai ba da sakamakon da ake so ba.

Abin da ya faru a Kano ya isa misali. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan, aka shigar da yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce an yi musu bayani da Hausa sun amince da baki. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wani babban ɓangare na gardamar ya ta'allaƙa ne a kan abin da aka faɗa da abin da aka fahimta.

4.0 Sassan Maƙala

Jikin maƙalar ya kasu kashi huɗu. A 1965 masanin ƙididdiga ɗan Ingila, Austin Bradford Hill, ya nuna cewa kowane kashi amsar tambaya guda ne. Gabatarwa tana faɗin dalilin soma binciken. Hanyar bincike tana faɗin abin da aka yi, dalla-dalla, har wani ya iya maimaita shi. Sakamako yana kawo abin da aka gano da alƙaluma da jadawali, ba tare da ra'ayi ba. Tattaunawa kuma tana bayyana ma'anarsa, da inda ya dace ko ya saɓa da ayyukan magabata, da kuma raunin da ke tattare da shi. A saman waɗannan akwai take da tsakure. Tsakure yana bukatar kulawa ta musamman, domin yawancin masu karatu a nan suke tsayawa, don haka laifi ne ya faɗi abin da ya wuce sakamakon.

5.0 Matsalar Harshe

Likitan da ya yi bincike a ƙasar Hausa da Hausa ya yi wa majinyata tambayoyi, amma da Ingilishi ko Faransanci zai rubuta. Kalmomin cuta kuwa ba safai suke faɗawa daidai da juna ba. Kalmar "shawara" tana iya nufin ɗorawar ido ko mene ne sanadinta, tana kuma iya nufin wata cuta takamaimiya da sauro ke yaɗawa. "Sanyi" ya ƙunshi cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa da wasu larurori da ba su da dangantaka da ita. "Zazzaɓi" alama ce, amma sau da yawa cizon sauro ake nufi da ita. Idan marubuci ya ƙidaya duk wanda ya ce ya yi shawara a matsayin mai cuta guda, alƙalumansa sun gurɓace tun daga tushe. Ya kamata ya bayyana wanda ya fassara tambayoyin, da ko an sake mayar da fassarar zuwa harshen asali don gano inda ma'ana ta zame, da kuma karin harshen da aka yi amfani da shi, tunda Basakkwace da Bakano ba kullum suke kiran abu da suna ɗaya ba. A nan masanin harshe yana da gudummawar da zai bayar.

6.0 Miƙawa Da Tantancewa

Marubuci zai zaɓi mujallar da ta dace da batunsa, ya bi sharuɗɗanta, ya haɗa da wasiƙa zuwa ga edita, ya aika ta intanet. Ba a aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Ba a sa sunan mutum cikin marubuta don girmamawa kawai, sai ya taimaka a aikin, ya sa hannu a rubutun, ya amince da shi, ya kuma yarda ya ɗauki alhakinsa. Dole ne kuma a faɗi wanda ya ba da kuɗin binciken. A 1998 The Lancet ta buga wata maƙala da aka gina a kan yara 12, wadda ta jefa shakku a kan wata allurar rigakafin da ta haɗa da ta ƙyanda. Daga baya ta bayyana cewa jagoran binciken ya karɓi kuɗi ta hannun lauyan masu shirin kai ƙarar kamfanonin allurar. An janye maƙalar a 2010, bayan iyaye da yawa sun riga sun ƙaurace wa rigakafin.

In edita ya ga maƙala ta cancanta, sai ya tura wa masana fannin, galibi biyu ko uku. Bisa shawararsu yake karɓa, ko ya ƙi, ko ya nemi gyara. Mai neman dacewa yakan amsa kowace suka ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ya kawo hujja a inda bai yarda ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa shirin maƙalar likitanci yana farawa ne tun ranar da aka zauna da majinyaci aka nemi yardarsa. Kowace ƙa'ida an sa ta ne don tsare amana tsakanin majinyaci da marubuci da mai karatu. Wannan amana kuwa, a ƙasar Hausa, ba za ta cika ba sai likitoci da masana harshe sun haɗa kai wajen tantance kalmomin cuta da daidaita fassararsu.