Godiya da Sanin Darajar Kai a Rayuwar Matashi Kirista

A koyarwar addinin Kirista, godiya ga Allah da sanin darajar kai tafiyarsu ɗaya. Tushen maganar shi ne darajar ɗan Adam kyauta ce daga Mahaliccinsa, tun kafin ya yi wani aikin da zai ci lada. Wanda aka yi wa kyauta kuwa, abin da ya rage masa shi ne ya gode. Koyarwar ta shafi kowane mai bi, babba da yaro, amma ta fi nauyi a kan matasa, domin a shekarun samartaka da 'yanmatanci ne mutum ya fi damuwa da ko shi wani ne a idon jama'a.

Ma'aunan da ake auna matashi da su a yau sanannu ne. Kowace shekara fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawar JAMB a Nijeriya, ana ba su maki a cikin 400, guraben jami'o'i kuma ba sa isar kowa. Wanda ya samu ya shiga, ya gama, ya yi bautar ƙasa, sau da yawa yakan dawo ɗakin da ya bari a gidan iyayensa, har kuɗin katin waya sai ya jira uwarsa ta dawo daga kasuwa. Budurwa kuwa da zarar shekarunta sun ɗan ja, duk taron da ta je sai an ce mata, "Yaushe za mu sha biki?" Ga kuma waya a hannu: Facebook da TikTok da Instagram suna nuna wa yaro tsaransa a cikin sabuwar mota ko a filin jirgi, ba sa nuna masa bashin da ke bayan hoton. Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa mutum yakan auna kansa da na kusa da shi idan ba shi da wani tsayayyen ma'auni. A da na kusa ɗin 'yan unguwa ne da 'yan aji. Yanzu duniya ce gaba ɗaya.

Amsar da Littafi Mai Tsarki ya bayar ta fara ne daga halitta. Sura ta farko a Littafin Farawa ta ce Allah ya halicci mutum, namiji da mace, cikin kamanninsa. Malaman Kirista sun daɗe suna muhawara a kan abin da kamannin nan ke nufi, ko hankali ne, ko ikon zumunci da Allah, ko amanar kula da sauran halittu, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: ba a ware kowa ba. Ɗan sarki da ɗan talaka, mai gani da makaho, wanda ya ci jarrabawa da wanda ya faɗi sau uku, duk hannu ɗaya ya yi su. Zabura ta 139 ta ƙara da cewa Allah ya san mutum tun yana cikin uwarsa, wato kafin a ga fuskarsa, balle a ce kyakkyawa ce ko mummuna.

Ginshiƙi na biyu shi ne abin da Kiristoci ke kira alheri, wato tagomashin da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba. Manzo Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa ceto baiwa ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya, don kada wani ya yi fahariya da aikinsa. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na ɗa ɓatacce a Bisharar Luka, sura ta 15. Yaro ya karɓi rabon gadonsa tun uban yana da rai, ya tafi wata ƙasa ya lalatar da shi, yunwa ta sa ya koma kiwon aladu. Da ya yanke shawarar komawa gida, ya shirya abin da zai faɗa: shi bai isa a kira shi ɗa ba, a ɗauke shi ɗan ƙwadago kawai. Ya riga ya yi wa kansa kuɗi, ya ga bai wuce bara ba. Uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi, ya sa aka kawo babbar riga da zobe da takalma, aka yanka kiwataccen maraƙi. Masu wa'azi sukan tsaya a nan, alhali labarin bai ƙare ba. Wan yaron ya dawo daga gona ya ƙi shiga gida, yana lissafa shekarun da ya yi yana yi wa uban bauta ba a taɓa ba shi ko ɗan akuya ba. Shi ma ashe da aiki yake auna kansa, kamar ƙanen nasa. Bambancin kawai shi lissafinsa ya nuna masa riba. Matasan coci da yawa sun fi kama da wan, yara ne masu biyayya da ke zuwa kowace sujada, suna kuma jin haushi a ɓoye cewa an bar su a baya.

Wannan sanin daraja dabam yake da girman kai. Bulus ya tambayi Korantiyawa ko akwai abin da suke da shi wanda ba ba su aka yi ba. In kuwa ba su aka yi, ina dalilin taƙama? Wanda ya yarda da haka ba shi da hujjar raina kansa, ba shi kuma da hujjar raina wani.

Littafi Mai Tsarki ya taɓo ƙuruciya kai tsaye a wurare da dama. Lokacin da annabi Sama'ila ya je gidan Yesse neman wanda za a naɗa sarki, an jera masa 'ya'ya bakwai, ba a ma tuna da autan ba, Dawuda, wanda ke daji yana kiwo. Shi aka zaɓa, aka kuma ja kunnen annabin cewa mutum siffa yake dubawa, Allah kuwa zuciya. Irmiya ya so ya kauce wa aikin annabci da hujjar shi yaro ne, ba a karɓi uzurin ba. Bulus kuma ya gargaɗi almajirinsa Timoti kada ya bari a raina shi saboda ƙarancin shekaru, sai dai ya haɗa gargaɗin da sharaɗi, ya zama abin koyi a magana da hali. A al'ummar da yaro ba ya tsoma baki idan manya suna magana, ayar nan tana da farin jini a tarurrukan matasa, ko da yake an fi son rabinta na farko.

Daga nan godiya ta shigo. Luka ya kawo labarin kutare goma da Yesu ya warkar. Duka goman sun samu lafiya a kan hanya, amma ɗaya tak ya juyo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, daga ƙabilar da Yahudawa ke ƙyama a wancan zamani. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. A wurinsa butulci yana cikin mafi munin halaye, ya kuma ce yaba kyauta tukwici. Musulmi da Kirista duk idan an tambaye su aiki cewa suke "da godiya". Abin da koyarwar Kirista ta nanata shi ne matsayin godiya a cikin tsarin rayuwa: ita ce dalilin aikin kirki. Littafin tambaya da amsa na Heidelberg, wanda aka wallafa a Jamus a 1563 don koyar da yara da matasa, ya kasa koyarwar kashi uku: halin zunubi da mutum ke ciki, yadda aka cece shi, sai godiya. A ƙarƙashin kashi na ukun nan aka sa Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji. Ma'ana, mai bi yana guje wa sata da ƙarya, yana girmama iyaye, domin an riga an karɓe shi, ba don ya sayi karɓuwa ba. Ga matashi bambancin babba ne. Wanda ke aiki don a so shi, duk kuskure barazana ce gare shi. Wanda ke aiki don an so shi yana iya faɗuwa ya tashi.

A majami'un da ake sujada da Hausa, daga Wusasa ta Zariya zuwa Jos, Kafanchan, Gombe, Mubi, har Maraɗi a Nijar, godiya tana da lokutanta da al'adunta. Hausa ta zama harshen ibada ga ƙabilu masu yawa tun bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya taka babbar rawa a cikinsa. Mafi shahara cikin al'adun shi ne bikin godiya na kaka. Bayan an shigar da amfanin gona, a kan sa rana, iyali iyali su taso daga ƙofar majami'a ana kiɗa ana rawa, wani da damin dawa, wani da buhun masara ko doya, wata da kaza a hammata, a ajiye a gaban bagade. Zumuntar Mata su fito da ankonsu, suna buga tulu da caki. A wasu wurare akan yi gwanjon kayan bayan sujada, kuɗin ya tafi aikin ikilisiya ko taimakon gwauraye da marayu. Yaron da bai da gona yakan riƙe wa uwarsa kwano, daga nan yake koyon cewa abin da aka noma da gumi ma ana ce masa baiwa.

Akwai kuma lokacin shaida, inda mutum zai tashi ya faɗi abin da Allah ya yi masa. Akwai ƙungiyoyin da ke ba matashi wurin tsayawa: zumuntar matasa ta ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da sauransu, ƙungiyar mawaƙa, Sabon Rai Don Kowa, 'yan birget maza da mata, da ƙungiyar ɗalibai ta FCS da aka kafa a Gindiri a 1957. Amfaninsu a wannan fanni a fili yake. Yaron da ba ya iya buɗe baki a gida, a nan ake miƙa masa ganga, ko a ce ya karanta aya a gaban jama'a, ko a ba shi ajiyar kuɗin ƙungiya. Jin cewa Allah ya ba kowa baiwa abu ne, a damƙa wa mutum aiki a jira shi ya kawo abu ne dabam, kuma na biyun ya fi zama a zuciya.

Binciken zamani ya goyi bayan wani ɓangare na wannan. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ɗaliban jami'a a Amurka: wasu sun riƙa rubuta abubuwa har biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako goma, masu lissafa ni'ima sun fi gamsuwa da rayuwarsu, sun kuma fi kyautata zaton gobe. Jennifer Crocker, a nata aikin a Jami'ar Michigan, ta gano cewa ɗaliban da suka jingina darajarsu a kan kyan jiki ko yabon mutane sun fi fama da damuwa a kan waɗanda suka jingina ta ga ɗabi'a ko bangaskiya. Sai dai nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna tasirin rubuta godiya matsakaici ne. Yana taimakawa, amma bai kai a kira shi magani ba.

Koyarwar tana da wuraren da take karkacewa, kuma Yesu da kansa ya nuna na farko. A Luka 18, wani Bafarisiye ya shiga haikali ya gode wa Allah cewa shi ba kamar sauran mutane ba ne, musamman mai karɓar harajin da ke tsaye can nesa. Lafazinsa godiya ne, amma zuciyarsa gasa take yi. Irin wannan tana faruwa idan lokacin shaida ya koma na mota da biza da ƙarin girma a ofis kaɗai. Matashin da ke zaune a benci na baya, shekara uku ba aiki, abin da yake ji shi ne ƙaunar Allah ma da kaya ake auna ta, shi kuma bai samu shiga ba. Wa'azin da ke ɗaure albarka da dukiya yana dawo da ma'aunin da bangaskiya ta zo ta kawar, har ya fi na waje ciwo, domin yanzu da sunan Allah ake auna mutum.

Karkata ta biyu ita ce rufe bakin mai kuka da kalmar godiya. Bulus ya umarci Tasalonikawa su yi godiya cikin kowane hali, kuma shi da kansa daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙa mai cike da murna. Amma masu fassara da yawa sun lura cewa umarnin bai ce a kira mugunta alheri ba. A Arewa maso Gabas wannan ba zancen littafi ba ne. A watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabannin ikilisiyar suka koma Jos na ɗan lokaci, dubban iyalai suka watse. Yaran da suka taso a sansanonin gudun hijira, wasu ba uba, ba za a ce musu su yi murmushi kawai ba. Littafin Zabura kansa cike yake da koke, Zabura ta 88 ma ta ƙare ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba, aka kuma bar ta a cikin littafin ibada. Ayuba ya yi ƙorafi babi bayan babi, a ƙarshe abokansa masu yi masa wa'azi aka tsawata wa.

Haka nan ciwon damuwa, wanda ke hana mutum barci da cin abinci, yana sa shi jin ba shi da amfani, cuta ce da ake yi wa magani, ba alamar ƙarancin bangaskiya ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. Matashin da ya fara maganar gara ya mutu yana bukatar addu'a da zumunci, yana kuma bukatar likita, ba da jinkiri ba. Ya kamata fastoci da iyaye da shugabannin matasa su san wannan, su kuma buɗe lokacin shaida ga wanda abin godiyarsa a wannan shekara shi ne ya daina shan ƙwaya, ko ya shirya da ubansa, ko ya koyi ɗinki yana ciyar da kansa.